Marigayi Bishop Edward Lawton (1913-1966): Malamin Aji Da Ya Zama Bishop Na Farko A Sakkwato

 Kwamitin mujalla ya nemi a riƙa kawo tarihin magabata a kowace fitowa, domin Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Da layi ya zo kaina sai na zaɓi marigayi Bishop Edward Thaddeus Lawton, watau bishop na farko na Dayosis ɗin Sakkwato. Dukanmu mun san hotonsa, shi ne na farko a jerin hotunan nan da ke rataye a babban zauren taro na makaranta. Shekara shida muka yi muna wucewa ta gabansa safe da yamma, amma kaɗan ne daga cikinmu za su iya faɗin ko daga wace ƙasa ya fito. Ya rasu tun kafin a haifi ko mutum ɗaya daga cikin 'yan ajinmu, kuma tun kafin a aza tubalin farko na makarantarmu. Duk da haka, idan aka bi salsalar irin karatun da muka samu a ƙauye, ba makawa sai an biyo ta kansa.

Babban dalilin da ya sa na zaɓe shi kuwa shi ne, kafin ya zama bishop malamin sakandare ne, mai riƙe alli, mai duba littattafan yara da dare, kamar dai malamanmu da ke karanta wannan shafi yanzu.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Edward Lawton ran 12 ga watan Oktoba, 1913, a unguwar Boston ta Kudu, cikin birnin Boston na ƙasar Amurka. Unguwa ce ta ma'aikata da masu ƙaramin ƙarfi, kuma yawancin mazaunanta a wancan zamani jikokin mutanen ƙasar Ailan ne mabiya ɗariƙar Katolika. A can ya tashi, ya yi karatunsa har ya kai ga Boston College, jami'ar da limaman ƙungiyar Jesuit ke gudanarwa. Bayan ya kammala sai ya shiga ƙungiyar Dominikan.

Ya kamata in ɗan tsaya a kan wannan ƙungiya, don sai an san ta za a gane mutumin. Waliyyi Dominik, mutumin ƙasar Sifen, shi ya kafa ta, Paparoma kuma ya amince da ita a shekarar 1216. Ana kiran 'ya'yanta masu wa'azi, ana kuma gane su da doguwar farar riga. Abin da ya bambanta su da sauran ƙungiyoyi shi ne, a wurinsu karatu wani sashe ne na ibada. Ba a barin mutum ya hau mumbari sai ya shafe shekaru yana nazarin falsafa da ilmin tauhidi. Daga cikinsu ne aka sami manyan malamai irin su Albat Mai Girma da almajirinsa Toma Akwinas, waɗanda har gobe ake karanta littattafansu a jami'o'in duniya.

Lawton ya yi wannan dogon karatu a gidan ƙungiyar da ke River Forest, kusa da birnin Shikago. Aka naɗa shi Fada ran 6 ga watan Yuni, 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, yana da shekara 29.

Malami a Fenwick

Aikin farko da aka ba shi shi ne koyarwa a makarantar sakandare ta Fenwick, wadda 'yan Dominikan suka buɗe a 1929 a garin Oak Park, a gefen Shikago. Makarantar samari ce a lokacin. A nan ya zauna yana koyarwa har zuwa shekarar 1951.

Malamanmu sun fi kowa sanin abin da shekaru a gaban yara 'yan sha uku zuwa sha takwas ke koya wa mutum. Suna koya masa haƙuri, domin abin da ya faɗa yau sai ya maimaita shi gobe da jibi. Suna koya masa cewa yaron da ya fi kowa taurin kai a aji ɗaya yana iya zama shugaban ɗalibai a aji shida. Sama da kome, suna koya masa yin aikin da ba shi ne zai ga amfaninsa ba, gama malami yana shuka ne kawai, girbin sai bayan shekara ashirin, a wani gari, a hannun waɗansu. A ganina wannan darasi na ƙarshe shi ne mabuɗin rayuwar Lawton duka, kamar yadda za mu gani a gaba.

Zuwansa Nijeriya

A shekarar 1951 lardin 'yan Dominikan na Shikago ya amsa kiran da aka yi masa na ya aiko da ma'aikata Nijeriya. Fadoji uku aka fara turowa: Edward Lawton, da Michael Dempsey, da Arthur Kinsella. Lawton yana da shekara 37 a lokacin, watau ya riga ya kafu a aikinsa, ya san ɗalibansa, ya san iyayensu, yana zaune cikin jin daɗi a ɗaya daga cikin manyan biranen duniya. Ya bar wannan duka ya taho. Akbishop Leo Taylor na Legas ya karɓe su, ya ba su unguwar Yaba, inda majami'ar Waliyyi Dominik take har yanzu, tana kuma cikin majami'un Katolika mafiya yawan jama'a a Legas.

Zamansa a Legas bai yi tsawo ba. Ran 29 ga watan Yuni, 1953, fadar Paparoma ta yanke lardin Sakkwato da lardin Katsina daga ƙarƙashin Kaduna, ta mai da su yanki mai zaman kansa, ta kuma danƙa shi ga 'yan Dominikan. Yankin bai kai a ba shi bishop ba tukuna, saboda ƙarancin mabiya, sai aka naɗa Lawton mai riƙonsa ran 15 ga watan Janairu, 1954. Kafin nan fadojin ƙungiyar SMA, waɗanda yawancinsu mutanen Ailan ne, su ke kula da wajen.

Sai mu duba girman ƙasar da aka ba shi. Lardin Sakkwato na wancan lokaci ya haɗa masarautun Sakkwato, da Gwandu, da Argungu, da Yawuri, lardin Katsina kuma ya haɗa Katsina da Daura. A lissafin yau, jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina ke nan, da mafi yawan jihar Kebbi. Titin kwalta kaɗan ne, da damina koguna kan yanke hanya, da bazara kuwa kowa ya san zafin Sakkwato. 'Yan Katolikan da ya tarar yawancinsu mutanen kudu ne, ma'aikatan jirgin ƙasa, da akawuna, da 'yan kasuwa, waɗanda ke zaune a sabon gari. Shi ya sa ya yi mazauninsa na farko a Gusau, domin tun 1929 layin dogo daga Zariya ya ratsa ta can zuwa Ƙauran Namoda, kuma a can jama'arsa suka fi yawa.

Aikinsa a lardunan biyu

Tun zamanin Gwamna Lugga Turawan mulki suka yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addinin jama'a ba, saboda haka ba a barin 'yan mishan su yi wa'azi yadda suka ga dama a ƙasar sarakunan Musulunci. Ko fili za a nema don gina makaranta ko ɗakin shan magani, sai an bi ta hannun En'e da Razdan, a rubuta takarda, a jira, wani lokaci a sake rubutawa. Aiki ne na mai dogon numfashi.

A cikin wannan hali aka bi hanyoyi uku. Ta farko ita ce makarantun firamare a jikin majami'u, a garuruwa irin su Gusau da Funtuwa, domin 'ya'yan ma'aikata su sami wurin karatu. Ta biyu ita ce kiwon lafiya. A shekarar 1956 sistoci 'yan Dominikan daga garin Great Bend na jihar Kansas suka iso Gusau, suka shiga aikin karɓar haihuwa, da jinya, da koyarwa, kuma ƙofarsu a buɗe take ga Musulmi da Kirista da mai bin addinin gargajiya. Ta uku ita ce fita karkara. Aka buɗe mishan a Yelwan Yawuri domin Kambari da Dukawa, aka kuma buɗe a Malumfashi domin Maguzawa. Fadojin da aka tura waɗannan wurare dole suka zauna suka koyi Hausa, har ɗayansu, Fada Ceslaus Prazan, ya rubuta littafi sukutum a kan Dukawa wanda aka buga a 1977. A Malumfashi kuma aka kafa cibiyar horar da katikis, inda ake ɗauko manomi daga ƙauyensu a koya masa karatu da rubutu da addini cikin harshen Hausa, sa'an nan ya koma ya zama malamin jama'arsa.

Ni da aikin gwamnati ya kawo ni ƙasar Tambuwal da Kebbe, nakan tuna da wannan duk lokacin da na hau babban titin nan. Wanda duk ya tashi daga Sakkwato zai tafi Yelwa, sai ya bi ta Boɗinga, da Shagari, ya ratsa Tambuwal, ya wuce Jega da Koko. Mu yanzu muna yin tafiyar a kan kwalta, muna kuma kukan gajiya. Su kuwa a kan burji da ƙura suka yi ta, domin kai magani da littattafai.

Wani abin lura shi ne, ƙasar da Lawton ya shigo tsohuwar ƙasar ilmi ce. Tambuwal ɗin nan gari ne na Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, malami kuma mawaƙi cikin Larabci. Gwandu ta Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, mai tafsiri da littattafan nahawu, tana nan kusa. 'Yan taru na Nana Asma'u sun kai wa matan ƙauye karatu tun ƙarni na 19. Boko ma ya riga ya shigo ta hannun En'e, domin tun shekarun 1930 akwai makarantar elementare a Dogondaji, inda marigayi Shaihu Abubakar Gumi ya yi karatu. Mai son zama lafiya a irin wannan ƙasa sai ya san abin da mutanenta suka sani. A zamanin Lawton ne, a 1964, wani matashin Fada mai suna Joseph Kenny ya zo Nijeriya, ƙungiyar ta sa shi ya duƙufa a kan Larabci da ilmin addinin Musulunci, har ya yi digirin digirgir a Jami'ar Edinbara, daga baya ya koyar shekaru masu yawa a Jami'ar Ibadan. Ya rasu a 2013.

Naɗinsa bishop

Bayan shekara goma ana wannan fama, ran 16 ga watan Yuni, 1964, aka ɗaga yankin ya zama cikakken dayosis, aka kuma zaɓi Lawton ya zama bishop ɗinsa na farko. An yi bikin naɗin ran 15 ga watan Agusta na wannan shekara. Naɗin ya zo ne ana tsakiyar babban taron bishop-bishop na duniya da aka yi a fadar Paparoma a Rum daga 1962 zuwa 1965. A rana guda, watau ran 28 ga watan Oktoba, 1965, taron ya fitar da takardu biyu da suka shafe mu kai tsaye. Ɗaya a kan ilmi ce, ta nuna cewa kowane ɗan Adam yana da haƙƙin a ilmantar da shi. Ɗayar kuma a kan zama da mabiya sauran addinai, inda aka ambaci Musulmi da girmamawa, aka kuma yi kira da a manta da tsohuwar gaba a haɗa kai wajen neman adalci da zaman lafiya.

Mu da muka zauna a makarantarmu mun ga waɗannan takardu a aikace tun ba mu san da su ba. Ƙararrawa ɗaya ke tashe mu da asuba, rijiya ɗaya muke layi da bokiti, gona ɗaya muke nomawa ran Asabar, tuwo da miyar kuka ɗaya muke ci. Ran Jumma'a a sallami 'yan'uwanmu Musulmi su tafi masallaci, ran Lahadi Kirista su tafi Misa, da dare kuma mu haɗu a aji ɗaya a gaban fitila ɗaya muna haddar lissafi. Da azumi akan ajiye wa masu azumi abincinsu har a sha ruwa. Mun ɗauka haka duniya take ko'ina, sai da muka fita muka gane cewa waɗansu ne suka zauna suka tsara mana hakan.

Shekarar 1966

Shekara biyu da wata huɗu kawai Lawton ya yi yana bishop, kuma shekararsa ta ƙarshe ita ce mafi ɗaci. Ran 15 ga watan Janairu, 1966, sojoji suka yi juyin mulki, aka kashe Firimiyan Jihar Arewa, Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, da Firayim Minista Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, da waɗansu manya. Ran 24 ga watan Mayu gwamnatin Janar Ironsi ta kafa dokar soke jihohi, bayan 'yan kwanaki tarzoma ta ɓarke a garuruwan Arewa. A ƙarshen watan Yuli aka sake juyin mulki, sa'an nan a watannin Satumba da Oktoba aka yi kashe-kashen da suka fi na farko muni. A birnin Sakkwato Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya yi tsayin daka wajen kwantar da hankalin jama'a, Allah ya saka masa. Amma a wurare da dama an yi asarar rayuka da dukiya, an kuma lalata majami'u. Mutanen Gabas suka kwashe iyalinsu suka koma gida.

Ku tuna cewa yawancin jama'ar Lawton mutanen kudu ne. Cikin 'yan watanni majami'un da aka yi shekara goma sha biyu ana ginawa suka koma kusan wayam. Malaman makaranta sun tafi, ɗalibai sun tafi, bencina suka rage. Duk malamin da ya taɓa shiga aji ya tarar da rabin yaransa babu, ya san ɗanɗanon abin, balle a ce dayosis guda. Ana cikin wannan hali, ran 19 ga watan Disamba, 1966, ciwon zuciya ya kama shi a cikin mota a kan hanya, ya cika nan take. Shekararsa 53, ya yi 15 daga ciki a Nijeriya. Abin da idonsa ya gani na ƙarshe shi ne aikinsa a warwatse.

Bayan rasuwarsa

Sai dai iri ya riga ya shiga ƙasa. A 1967 aka naɗa abokin tafiyarsa Michael Dempsey ya gaje shi, ya riƙe dayosis har 1984. A 1973 aka fara ƙungiyar sistoci 'yan Dominikan 'yan ƙasa a Gusau, waɗanda suka ci gaba da aikin asibiti da makarantu. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓi makarantun mishan, amma daga baya dayosis ya sake buɗe nasa masu zaman kansu, a birni da ƙauye, kuma cikinsu har da tamu. Bishop Kevin Aje, ɗan Nijeriya na farko a kan kujerar, ya riƙe daga 1984 zuwa 2011, sa'an nan Bishop Matthew Hassan Kukah ya karɓa. A 1995 aka yanke wajen Yelwa aka haɗa da sabon yankin Kwantagora. A 2023 kuma aka ba Katsina dayosis nata na kanta, aka naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan ƙasar Malumfashi, ya zama bishop ɗinta na farko. Sashen aikin da ya fi kowane tafiyar hawainiya a zamanin Lawton, watau zama da manoma a ƙauye da koyar da su cikin harshensu, shi ne wanda tarzoma ba ta iya kwashewa ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin da ya rage gare mu

'Yan'uwa, na kawo wannan tarihi ne saboda abin da nake gani a bakin aiki. Aikina yakan kai ni ƙauyukan Tambuwal da Kebbe, daga wajen Sanyinna da Jabo har zuwa Kuchi. Yaran da nake gani a can ba su da bambanci da mu lokacin da aka kai mu aji ɗaya da akwatin ƙarfe a ka. Suna da ƙwaƙwalwa, iyayensu da dama suna so su yi karatu. Abin da ya fi ƙaranci shi ne malamin da zai yarda ya zauna. Da an tura mutum ƙauye sai ya fara neman wanda zai yi masa hanya a mai da shi birni, ga kuma matsalar tsaro da ta addabi waɗansu sassan a 'yan shekarun nan, wadda ta ƙara wa abin nauyi. Ba na zargin kowa, gama kowa yana da iyali. Amma mu da muka ci moriyar malaman da suka zauna da mu a daji, ba wuta ba famfo, albashi kuma bai taka kara ya karya ba, mu ne ya fi cancanta mu san darajar wannan zama.

Saboda haka ina ba ƙungiyarmu shawara uku. Ta farko, a taronmu na shekara mai zuwa a ware wani kaso na kuɗin ƙungiya domin gyara gidajen malamai a makaranta, don malami ba ya zama inda ɗakinsa ke yoyo. Ta biyu, kowane rukunin aji ya ɗauki nauyin karatun yaro ko yarinya guda daga ƙauyukan da ke kewaye da makaranta, ba tare da an tambayi addininsa ba, kamar yadda ba a tambayi namu ba. Ta uku, waɗanda ke aikin gwamnati a cikinmu, likita ne, ko malami, ko ma'aikacin gona, idan aka tura mu karkara mu je, mu kuma yi aikin tsakani da Allah. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma mu yanzu muna da yawa, kuma kusan babu ma'aikatar da ba a samun ɗayanmu.

Ga malamanmu kuwa, waɗanda suka yi ritaya da waɗanda har yanzu ke riƙe da alli, muna roƙon ku gafarce mu a kan wahalar da muka ba ku. Bishop Lawton bai ga girbinsa ba, amma ku Allah ya ja da ranku kun ga naku, ga mu nan a ofisoshi da asibitoci da kotuna da gonaki. Allah ya saka muku da alheri, ya ba ku lafiya. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikin malamai da ɗalibai, Allah ya jiƙansu, ya ba iyalinsu haƙuri. Shi kuma marigayi Bishop Edward Lawton, Allah ya ba shi hutawa ta har abada. Makarantarmu kuma Allah ya ɗaukaka ta, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.